Zazzaɓin da Na Sa Aka Rubuta wa Mijina

Mijina Ishaya ya yi mako goma sha ɗaya ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Amma in ka je yau ka buɗe fayil ɗinsa a asibitin da muka yi jinya, zazzaɓin cizon sauro za ka gani sau uku, da taifot sau ɗaya. Na farkon ne kaɗai wataƙila yake da gaskiya a ciki. Ina rubuta wannan domin masu katin inshorar lafiya, musamman mata irina da ake turawa taga su sa hannu a takarda alhali mai ciwon yana can kwance bai san inda kansa yake ba. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba zan faɗi na kamfanin ba. Ba wai na yafe musu ba ne.

Sunana Hannatu, amma a unguwarmu Rikoto Maman Rahila aka san ni. A lokacin ina da injin markaɗe a ƙofar gida, Ishaya kuma direba ne a wani ofishin gwamnatin tarayya a nan Zuru. Wajen shekara biyu ke nan da aka ba su katin inshora. Mun ɗauki katin nan kamar wani abin gado, har leda na sa masa.

Cikin tsakiyar zafi zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sandare, ya fara sambatu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake tsoro in wuya ya sandare da bazara. Muka kwashe shi sai asibitin da katinmu yake. Wani matashin likita ɗan bautar ƙasa ya ce sai ya ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa a duba ko sanƙarau ne. Ni na riƙe masa gwiwoyi aka lanƙwasa shi, na ga allurar da idona, doguwa, sau biyu aka soka kafin ruwan ya fito. Ishaya bai san ana yi ba. Ruwan ya fito fari tas, aka ce ba sanƙarau ba ne. Na durƙusa a barandar na gode wa Allah, har yanzu kuma ina gode wa yaron nan, don bai yi wasa da mu ba. Kwana uku zazzaɓin ya sauka aka sallame mu.

A tagar biyan kuɗi akwai akawu mai cike takardun masu inshora, Bitrus. Cocinmu ɗaya, mawaƙi ne ma, matarsa kuma muna zumuntar mata tare. Ya ce in zagayo ciki. Ya ɗora hannu kan wani littafi mai kauri.

"Maman Rahila, kin ga wanga littafi? Kowace cuta tana da lambarta a ciki, kowane aiki ma haka. Kamfani bai san Ishaya ba, lamba ya sani. Allurar bayan nan sai an nemi izininsu kafin a yi ta, su ba da lambar izini. Shi ko likita ya ga rai a hannun Allah, bai tsaya nema ba. In na rubuta ta, ba za su biya ba, ku za ku biya. Dubu tara."

Na ce, "To yaya za a yi?"

"In na sa lambar zazzaɓin sauro kawai, ko sisi ba ki biya. Ita ba a tambaya a kanta. Rabin garin ga haka nake musu. Sai dai zan zare takardar allurar daga fayil, don in masu bincike suka zo su ga komai ya yi daidai. Ke kuma kada ki ta da maganar ga kowa. In ta fita, aikina ya tafi, katinku ma su soke shi."

Akwai dubu goma sha ɗaya a gida, cikin gwangwanin madara, kuɗin takin da Ishaya ya tara don gonar babansa. Na tuna da su a tsaye a wurin. Na kuma tuna cewa ciwon ya riga ya wuce, me za a yi da takardar allurar da ta gama aikinta? Na ce, "Rubuta, Allah ya saka." Ran Lahadi na kai masa zakara har gida, ja, mafi girma a cikin kajina.

A makon farko a gida ciwon kai ya fara. Ban taɓa ganin irinsa ba. In Ishaya yana kwance, lafiyarsa ƙalau: ya ci tuwo, ya ji rediyo, ya tsokani yara, har ya yi mini ba'a kan miyata. Da ya miƙe zaune, kafin a gama gaisuwa sai ka ga ya dafe ƙeya. In ya tsaya, sai jiri da amai, kunnuwansa su toshe. Ya ce ji yake kamar an ɗaura wa ƙwaƙwalwarsa dutse ana ja ƙasa. Ya koma ya kwanta, minti kaɗan ya ware, kamar ba shi ba.

Mako na biyu muka koma asibiti. Ba ya iya hawa babur ɗin kabu-kabu, sai mota muka ɗauka ya kwanta a baya, ɗari huɗu zuwa, ɗari huɗu dawowa. Layin masu kati daban yake, kuma ya fi na masu biyan kuɗi tsawo. Muka isa da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar, shi kuwa duk tsawon lokacin yana miƙe kan benci. Ka ga matsalar: mutum ya yi awa huɗu a kwance, ya shiga wurin likita garau, ana tambayarsa yana murmushi. Ɗan bautar ƙasan ya gama wa'adinsa ya tafi. Wanda muka tarar ya buɗe fayil, ya ga zazzaɓin sauro, ya ce bai gama fita ba ne. Aka sake ba da magani. Bitrus ya sake sa lambarsa, ya ɗaga mini hannu ta taga.

Mako na uku aka ce taifot. Mako na huɗu aka koma zazzaɓi, da allurai da suka sa shi ƙaiƙayi har ya kwana biyu yana susa. Tsakanin nan dangi ba su bar mu haka ba. Gwaggonsa ta zo daga wajen Dirin Daji da saiwoyi, ta ce hannu aka sa masa a ofis. Wani maƙwabci ya kawo wanzami aka yi masa ƙaho a ƙeya, ɗari biyar, jini ya zuba a banza. Matan zumunta suka zo suka yi addu'a, suka bar mana sabulu da garin dawa, su kam ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Amma na ga yadda suke kallon juna da suka tarar da shi yana dariya a kan tabarma. Ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Maman Rahila, anya ba wata rigima yake gudu a wurin aiki ba?"

Nan ne ciwon ya fi cin mu. Da ƙafa ce ta karye, kowa zai gani. Wannan kuwa ciwo ne da kamanninsa duk na lalaci ne. Mu kuma mutane ne da ba su da zagin da ya fi raggo muni. Ishaya shekara uku ya yi yana noma a gonar babana kafin a ba shi ni, abin da muke kira golmo, kuma har yau tsofaffin ƙauyenmu suna labarin kunyoyin da yake tayarwa kafin rana ta take. Wannan mutumin ne aka fara yi wa kallon mai ƙarya.

Ya gwada komawa aiki. Ya tuƙa maigidansa bai kai ƙarshen gari ba ya tsaya ya yi amai a bakin hanya, ya kwanta a kujerar baya, maigidan ne ya tuƙo su. Bayan kwana biyu takardar gargaɗi ta iso: ya kawo shaidar likita ko ya dawo bakin aiki. Muka kai shaida. Abin da ke cikinta kun riga kun sani.

Surukina, Baba Sajan, tsohon soja ne, yana karanta Turanci da tabarau ɗinsa mai igiya. Ruwan farko ya sauka, ya aiko a gaya wa 'ya'yansa ranar shuka, Ishaya bai je ba. Sai ga shi da kansa, da sandarsa. Ya tarar da ɗansa kwance a inuwa yana gyara wa Rahila takalmi. Ya ce a ba shi takardar asibiti. Ni na miƙa masa da hannuna biyu.

Ya karanta a hankali, ya ninke. "Malariya. Na yi tafiyar kwana uku a ƙasa da ita a jikina, da bindiga a kafaɗa. Tashi."

"Baba, in na tashi kaina ne..."

"Likita bai ga kanka ba? Ko ka fi shi sani? Ka ci ka ƙoshi, matarka tana shan ƙarar inji tun safe, kai kana ɗinkin takalmi a kwance. Ni ban haifi raggo ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Kalma ɗaya ce a bakina, ban faɗe ta ba. Gaskiya a lokacin ban haɗa allurar da ciwon kan ba, amma na san takardar da ke hannun Baba ba cikakkiya ba ce, kuma na san wanda ya sa aka rage ta.

A mako na shida aka kawo wata likita mace, mai ɗan jiki, ba ta da yawan magana. Ita ce ta fara yin abin da ba wanda ya yi: ta ce ya tashi ya tsaya, ta duba agogonta. Bai cika minti biyar ba ya durƙushe. Ta ce ya kwanta, ta sake duba agogo, har ya ware. Sai ta juya fayil ɗin gaba da baya, ta ce, "An taɓa yi masa allura a ƙashin baya?"

Ishaya ya ce, "Ban sani ba, likita. Lokacin da aka kwantar da ni ba na cikin hayyacina. Maman Rahila ce ke wurin."

Suka dube ni su biyu. Ta tagar ofishin ina hango kan Bitrus yana rubutu. Na tuna katin, na tuna yaransa biyar, na tuna matarsa da ke zama kusa da ni a coci. Na ce, "A'a, likita. Ruwa kawai aka ƙara masa."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce to in haka ne abin ya fi wuyar ganewa, ya ci gaba da kwanciya, ya sha ruwa da yawa, ya riƙa shan kofi ko cin goro, mu dawo bayan mako biyu. Mutumin da bai taɓa son goro ba ya koma taunarsa kamar tsohon dillali. Yana ɗan sauƙaƙa masa na awa ɗaya, shi ke nan.

Ranar da aka yi gayyar noman farko a gonar Baba, na dawo daga kasuwa ban same shi a gida ba. Ya sa an kai shi gonar. Da rarrafe ya shiga layi, ya riƙe fartanya yana noma a kan gwiwa, a gaban ƙannensa da surukai. Kunya biyu ya yi ya kife. Aka dawo da shi a amalanke, riga duk amai. Da na gama goge masa jiki, ya kama hannuna ya ce, "Hannatu, gaya mini gaskiya. Ko dai kaina ne ya taɓu? Likitoci huɗu sun duba ba su ga komai ba. Ko ni nake ƙirƙirar abin nan ban sani ba?"

Washegari na tafi asibiti ni kaɗai, na jira likitar ta gama ganin mutane, na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi jin sauƙi. Ta ce ƙwaƙwalwa a kan ruwa take zaune, kamar ƙwarya a cikin randa. Ramin da allurar ta bari bai toshe ba, ruwan yana yoyo. In ya tsaya, ƙwaƙwalwar ta sauka ta ja jijiyoyi. In ya kwanta, ta koma wurinta. Maganarta da ta zauna mini ita ce: "Ruwan kansa ne ya yi ƙasa. Yawanci ramin kan toshe da kansa, nasa bai toshe ba. Da na sani tun ranar nan, da yanzu mun yi nisa." Ta ce maganin shi ne a ɗebi jininsa a zuba a wurin ya daskare ya toshe ramin, irin facin taya. A Sakkwato ake yi. Ta rubuta wa kamfanin inshora neman izini a take.

Daga nan na san mene ne lamba. Kwana huɗu ina zuwa rumfar buga waya ina kiran kamfanin, ina biyan kuɗin minti ana ajiye ni a kan layi. Da na samu mutum, wata murya mai ladabi ta ce an ƙi. Lambar da likita ta sa ta ciwon da ke biyo bayan allurar baya ce, su kuma a wurinsu ba a taɓa yi wa wannan mai katin allurar baya ba. Na ce an yi, ni na riƙe shi. Ta ce, "Madam, ba a biya da baki, sai da abin da ke rubuce." Likita ta sake gwadawa da wata lambar, ta raguwar ruwan ba tare da an san dalili ba. Suka ce wannan sai da hoton ƙwaƙwalwa. Hoton ma sai da izini, kuma ba sa ba da izinin hoto ga mai zazzaɓin sauro.

Na je wurin Bitrus na roƙe shi ya dawo da takardar da ya zare. Ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Wace takarda? Na yaga ta tun ranar. Kuma ko tana nan, so kike in kai kaina? Maman Rahila, taimakonki na yi. Ban tilasta miki ba. Ke kika ce in rubuta."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba.

Mako na tara da na goma suka tafi a neman kuɗi. Kuɗin takin nan tuni mota da magunguna da kiran waya suka cinye su. Na sayar da injin markaɗe ga wani mai shago da ya san a matse nake, ya saya yadda ya ga dama. Yayata ta ba da akuya biyu. Muka biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya a bas don ya kwanta har Sakkwato. Da ganin likita, da gado, da aikin, da abinci, da dawowa, abin ya haura dubu sittin. Na gaya wa Ishaya cewa an gano an yi masa allura a baya, na bar shi ya ɗauka mantuwar asibiti ce, kuma ba na kusa lokacin da aka yi ta.

Aikin bai kai rabin awa ba. Suka ce ya kwanta zuwa gobe. Da safe ya zauna, muka jira. Ya tsaya, muka jira. Ya taka har ƙarshen baranda ya dawo, ya sake tafiya, yana taɓa ƙeyarsa yana dariya, hawaye na zuba. Na gode wa likitocin nan, na gode wa mai ɗan jikin da ta duba agogo. Rabin awa, bayan mako goma sha ɗaya.

Mun dawo muka tarar da takardar sallama daga aiki. Ya ɗauki shaidar Sakkwato ya kai ofis. Suka ajiye ta kusa da takardun asibitinmu huɗu, suka ce ɗaya ta ƙaryata huɗu, kuma huɗun ta hannun inshora suka bi, ɗayar kuwa da kuɗinsa ya samo ta. Ba su ce ya saya ba, amma haka suke nufi. Baba Sajan bai ma karɓi takardar ba. Ya ce, "Da aiki ya tafi ai ka ga ka miƙe."

Wata rana da la'asar na ga Ishaya yana sa takalmi, fuskarsa a ɗaure. Ya ce wurin Bitrus za shi, sai ya ji wanda ya ɓatar da takardar allurarsa, in ya so a kai maganar gaban fasto da dattawa. Na ce ya zauna. Na durƙusa na gaya masa, tun daga taga har zuwa ranar da na ce wa likita a'a. Har zakaran ban ɓoye ba.

Ya ce, "Nawa ne kuɗin?"

"Dubu tara."

"A lokacin akwai sha ɗaya a gwangwani."

"Na sani."

Ya cire takalmin ya ajiye. Na ce zan je gidan Baba yanzu in faɗa masa da bakina, in faɗa a coci ma, kowa ya san mijina bai yi ƙarya ba. Ya girgiza kai.

"Kin san Baba. In ya ji, ba za ki sake shiga gidansa ba, kuma Rahila za ta tashi ana nuna uwarta. Nawa sunan ya riga ya ɓaci, Hannatu. Kada mu ƙara da naki."

Na yi masa gardama, ya ce in har shi ne mijina, maganar ta mutu a ɗakin nan. Na bi umarninsa, kuma ban san ko biyayya ce ko tsoro ne irin na farko ba.

Yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin haya. Bitrus yana nan a tagarsa, yana waƙa ran Lahadi, muna gaisawa. Katin an soke shi tare da aikin, yana nan cikin ledarsa. Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne: duk abin da aka yi wa jikin mai jinyarki, ki tsaya a rubuta shi da sunansa, ko da za ki sayar da zanen jikinki ki biya. In kuma likita ya tambaye ki, ki faɗi gaskiya, ba akawu ne ke kwance ba.

Baba Sajan ya rasu bara, bayan girbi. Ishaya ne ya yi jinyarsa, shi ya ɗauke shi ya sauke shi har ƙarshe, kuma tsohon ya tafi bai janye kalmarsa ba. Shi ya sa na ce wa Ishaya yanzu kam zan rubuta, ya ce in yi abin da na ga dama, wanda yake so ya ji ba ya nan.

Tun da muka dawo daga Sakkwato ban sake ganin mijina kwance da rana ba. Ko ya dawo a gajiye, ko zazzaɓin gaske ya kama shi, sai ya jingina da bango a kan benci ya yi gyangyaɗi a zaune. Jiya na shimfiɗa masa tabarma a cikin ɗaki, na rufe ƙofa, na ce ba mai ganinsa. Ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya ce, "Bari dai, wani zai iya shigowa."